Kason mata a zaɓen Nijar: ina gizo ke saƙa?

Wata 'yar Bagalam: Salamu alaikum. An ce doka ta ware wa mata kujeru, to me ya sa ba mu ganinsu sama?

Malam na Zariya: Hajiya, dokar 2000 ta ba da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai 25, muƙaman naɗi 30. Amma shugaban ƙasa kujera ɗaya ce, ba ta rabuwa. Mariama Bayard Gamatié ta gwada takarar shugaban ƙasa a 2011, ba ta kai labari ba.

Inna ta Tibiri: Ku fara da takardu. Mace ba takardar haihuwa, ba ta samun ta shaidar ɗan ƙasa, takara ta mutu tun a kotu, wajen tantance 'yan takara. Ga kuɗin ajiya na shiga takara, ga man mota zuwa ƙauyuka.