Kwantar da mai ciwon waswasi: me ke sa a dace?

Idan ana tattauna batun kwantar da masu ciwon waswasi mai tsanani (ciwon da ke tilasta wa mutum maimaita abu, kamar wanke hannu, saboda tsoro ko shakka) a cibiyoyi irin cibiyar waswasi ta asibitin McLean a Amurka, wadda aka buɗe a 1997, magana ta fi karkata kan yardar majinyaci. Jigon maganin shi ne ya tunkari abin da yake tsoro, misali ya taɓa ƙofar banɗaki, sannan ya daure bai wanke hannu ba. Wanda ya daure a gaban ma'aikata, ya koma ɗaki ya wanke a ɓoye, ya ɓata lokacinsa.

Akan ja kunnen dangi sosai, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Uwar da ke amsa "e, alwalarka ta yi" sau ashirin tausayi take yi, amma ciwon take ciyarwa. In aka ci gaba da haka bayan sallama, sai a koma gidan jiya.

Ciwon damuwa mai nauyi kan kashe gwiwa, don haka in majinyaci na da shi, a haɗa da shi a yi magani. Ƙwayoyin maganin waswasi irin su fluoxetine kuwa, a ba su mako 8 zuwa 12 kafin a ce ba su yi aiki ba. Likitan da zai ci gaba da bibiya, a samo shi tun kafin ranar sallama.