Mota ta tafi ta bar ni, ko Allah ne ya ce in zauna a Legas?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata bakwai ke nan da aurena ya mutu, yara biyu suna hannuna. Tun da na gama idda Baba yake kira daga Kano in tattaro in dawo. Na sayar da firij da katifa, na yi sallama da maƙwabta, na biya kuɗin mota. Ranar tafiya ruwa ya ɓarke tun la'asar, hanyar Pen Cinema ta cushe, kafin mu isa tasha mota ta tashi. Ina zaune kan jakata ina kuka, yara sun jiƙe sharkaf, sai na ji an kira ni da sunan makaranta, sunan da ba wanda ya sani a Agege. Ashe wata ƙawata ce, ajinmu ɗaya a sakandare, rabona da ita shekara 12. Tana da shagon ɗinki, abokiyar aikinta ta yi aure, keke ɗaya na zaune. Ta ce in kawo rabin haya, dubu 180, mu haɗa. A ɗakinta muka kwana, kuma wallahi ranar na fara yin barci har asuba tun da abin ya faru. Na yi istihara sau uku, ban ga komai ba. Zuciyata na ce min ba banza motar nan ta tafi ba. Baba ya ce ruwan sama ne kawai, in sake biyan mota. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Abu Ammar:
Ki yi istihara, baiwar Allah.

Maman Husna:
Malam, ai na ce na yi.

Abu Ammar:
Afuwan. To mafarki ba sharaɗi ba ne. Bayan raka'a biyu da addu'a sai ki nufi abin, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa, in ba haka ba ya kawar da ke.

Na Malumfashi:
Hajiya, ki ji nawa. Da aka hana acaɓa a Ikeja ranar 1 ga Yuni 2022, babur ɗina na cikin waɗanda aka kama a makon farko. Juma'ar da ta biyo na fito masallaci ban san inda zan sa kaina ba, sai ga ɗan unguwarmu, tare muka yi allo. Ya rungume ni ya ce Allah ne ya haɗa mu, yana shigo da albasa kasuwar Mile 12, abokin tarayya yake nema. Ni ma a raina na ce lokacin Allah ne. Na sa aka sayar da gonar gadona, na damƙa masa dubu 900, ko shaida ɗaya babu. Tirela tana Jebba, tirela tana Ogbomosho, tirela ta lalace. Daga baya wayar ma ta daina shiga. Mahaifiyata ta rasu ban iya faɗa mata inda kuɗin gonar ya shiga ba. Har yau maganin hawan jini nake sha, kuma duk wanda ya ce min Allah ne ya haɗa mu, gabana faɗuwa yake.

Abu Ammar:
Ka yi hattara da harshenka, ɗan uwa. Wannan ma da sanin Allah ya faru.

Na Malumfashi:
Ban musa ƙaddara ba, Malam. Cewa na yi macuci ma ya iya wannan kalmar.

Hajiya Idi-Araba:
Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Maman Husna, 'yata, ni na yarda da abin da zuciyarki ta ji. Da maigidana ya rasu na yi takaba wata huɗu da kwana goma ban iya haɗiye tuwo sai da ruwa. Ranar da na fita, wata Bayarabiya maƙwabciyata ta kama hannuna ta zaunar da ni a gaban tukunyar ƙosanta, wai in riƙe mata na minti biyar. A wurin na fara dariya. Shekara 14 ke nan, da ƙosan na aurar da 'ya'ya uku. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni take a rubuta bashi a sa shaidu. Ku rubuta komai, har wa ke da keken.

Tela Dopemu:
Shagon dubu 360 a shekara? A wane Agege? Nawa 600 nake biya. Ki nemi ganin rasit.

Ummi Orile:
Kai a bakin titi kake. Namu a lungu 250 ne. Ita ma tafiyar ba kyauta ba ce, dubu 48 na biya zuwa Kano da Sallah.

Tela Dopemu:
Da Sallah kika ce. Ƙanena 35 ya biya.

Baban Sadiq:
Duk kun bar magana. Uba ya ce ta dawo. Albarkar iyaye ta wuce shago.

Ummi Orile:
Kana Kaduna kana yanke wa matar Legas hukunci. Ka taɓa zaman zawarci a gidan da matan yayye ke ƙirga lomar 'ya'yanka? Ni na yi shekara biyu.

Baban Sadiq:
Shekara shida na yi a Obalende kafin ki san hanyar Legas.

Ɗan Gwari Mai Shayi:
A nemo direban nan a ba shi tukuici. Kuma in an zauna ɗin, akwai wani yayana mai hankali, yana da rumfa a Oko-Oba.

Hajiya Idi-Araba:
Kai, ka ji tsoron Allah, yarinya ciwonta bai warke ba.

Ummi Orile:
Ni ɗaki ne damuwata, don ba za ta dawwama a na ƙawarta da yara biyu ba. Gida huɗu na zaga bara. Da sun ji ba miji sai a ce an riga an kama. Ɗaya ƙiri-ƙiri ya ce in kawo namijin da zai sa hannu.

Tela Dopemu:
Mu maza ma ba mu tsira ba. Da ejan, wato dillalin gidaje, ya ji Hausa a bakinka sai ya tambayi mutum nawa za su kwana a ɗakin. Kuɗin dubawa daban, na agrimen daban, kwamishan daban, ko ka kama ko ba ka kama ba na dubawar ya tafi.

Maman Husna:
Na gode. Baba ya sake kira ɗazu, ban iya ɗauka ba. Wai nawa ne ɗaki ɗaya yanzu a wajen Orile?

Na Malumfashi:
Ni ejan biyu suka ci kuɗina a Ketu, ɗakin ma ashe da mutum a ciki.