Jallabiyar Zakka da bishiyar da ya hau: muhawara a kan gyaran zanen makarantar Lahadi

Iliya: Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata uku ke nan ina zana labaran Littafi Mai Tsarki, kowane labari shafi ɗaya mai gida shida, saboda yaran makarantar Lahadi a nan Port Sudan, waɗanda yawancinsu 'ya'yan mutanen Duwatsun Nuba ne da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya koro daga Kartum da Umdurman. A zanen farko na labarin Zakka na bi abin da idona ya saba da shi tun ina yaro a Kaduna, wato mutane farare masu gashi har kafaɗa. Ranar da na raba shafin, wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko Yariko a Turai take. Tambayarta ce ta sa na koma na sake zanen: na sa wa Zakka farar jallabiya da rawani irin na 'yan kasuwar nan, na duhunta fatar kowa har da ta Yesu, bishiyar kuma na mai da ita darbejiya irin wadda take bakin ƙofar cocinmu. Da Baba Haruna ya gani sai ya ce duk wanda ya sa wa mutanen Littafi kayan da ba nasu ba ya yi ƙarya da alƙalami, ko da bakinsa bai furta ba. Ina neman ra'ayinku kafin in kai wa mai buga takarda.

Baba Haruna: Ɗana Iliya, na faɗa, kuma ban janye ba. Zakka mutum ne da ya rayu a wani gari a wani zamani; Luka ya ce shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai arziki, kuma gajere. Bishiyar da ya hau ɓaure ce, wadda mutanen ƙasar nan suke kira jummaiz, kuma ba don ado aka ambaci sunanta ba. Duk wanda ya yi kiwo yana yaro ya san cewa ɓaure tana baza rassanta tun daga ƙasa-ƙasa, ta yadda gajeren mutum mai tsada a jiki zai iya hawa ba tare da an cicciɓa shi ba, alhali darbejiya sai ta miƙe tukuna kafin ta yi reshe. Ita darbejiyar ma baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta ƙasashen nan a zamanin Turawa. Yaron da ya haddace shafinka zai girma wata rana ya buɗe Luka sura 19, kuma idan ya tarar an canza masa bishiya, da me za ka tabbatar masa cewa ba a canza masa sauran ba?

Mama Rifkatu: Baba, a yi mini haƙuri in yi magana a matsayin wadda take tsayawa a gaban yaran nan kowace Lahadi. A kan ɓaure na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma zanen Iliya na farko shi ma ba gaskiyar Yariko ba ne, kuma ban ji ka kira shi ƙarya ba. Fuskar nan mai laushin gashi da muka taso muna gani a kalanda da bangon majami'u, mafi shaharar irinta wani Ba'amurke mai suna Warner Sallman ne ya zana ta a 1940, bai kuwa samo ta daga wata aya ba, domin babu ko ɗaya cikin marubutan Bishara huɗu da ya kwatanta tsayin Yesu ko launinsa. Abin da muke da shi shi ne faɗar Ishaya 53 cewa ba shi da wani kyan gani da zai ja hankalinmu, da kuma cewa a daren da aka kama shi sai da Yahuza ya sumbace shi kafin 'yan kamun su tantance shi daga almajiransa. Idan an ƙyale Bature ya zana shi da kamannin danginsa har muka rataya a ɗakunanmu shekara da shekaru, ban ga dalilin da zai sa alƙalamin Iliya kaɗai ya zama maƙaryaci ba.

Fasto Bitrus: Kafin a yi nisa, akwai wanda ya aiko mini a gefe yana cewa zanen ma gaba ɗaya haramun ne saboda Fitowa 20:4, don haka bari in taɓa wannan a taƙaice. Aya ta biyar ta bayyana abin da aka hana, wato rusuna wa siffa da bauta mata, kuma a littafin nan dai, sura 25, an umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu, wato siffofi masu fikafikai, na zinariya a kan murfin akwatin alkawari. Macijin tagulla ma da umarni aka yi shi, amma da mutane suka fara ƙona masa turare sai Sarki Hezekiya ya farfashe shi. Ikilisiya ta yi dogon rikici a kan hotuna har taron Nikiya na biyu a shekarar 787, kuma tun wajen shekarar 600 Fafaroma Giragori ya rubuta wa wani bishop na Marsel cewa hoto ga wanda bai iya karatu ba kamar rubutu ne ga mai karatu. Shafin da ake raba wa yara su shafa masa launi ba abin bauta ba ne. A kan ainihin gardamar kuwa, ina ganin Baba da Mama suna magana a kan abubuwa biyu ne da ya kamata a raba. Akwai tarihi, akwai misali. Zakka tarihi ne. Amma mutumin nan mai 'ya'ya biyu na Luka 15 ba a ba shi suna ko gari ba, domin Yesu da kansa ya ɗauko shi ne daga rayuwar masu sauraronsa, saboda haka idan Iliya ya zaunar da uban a kan angarib, wato gadon igiya na Sudan, da butar gahawa ta jabana a gefensa, sannan ya nuna shi ya tattare jallabiya yana gudu ya tari ɗansa, ni ban ga abin da ya ɓata ba, muddin bai manta da riga da zobe da takalma da kiwataccen maraƙi ba.

Malam Usman: Ni musulmi ne daga Mai Wurno, kuma kun san a wurinmu ba a zana annabawa, har da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, don haka ba zan sa baki a hukuncin addininku ba. Abin da zan kawo tarihi ne, tun da shi nake koyarwa. Ƙasar da muke zaune a cikinta ta taɓa fuskantar tambayar Iliya shekara dubu da suka wuce. Tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye yankin, masu haƙar kayan tarihi daga Polan ƙarƙashin Kazimierz Michałowski sun tono babbar majami'ar Faras daga cikin yashi, suka ɓamɓaro zane-zanen bangonta, aka raba su tsakanin gidan tarihi na Kartum da na Warso. Na sha kai ɗalibai su ga na Kartum kafin yaƙi. Abin lura shi ne masu zanen Nuba, wato tsohuwar ƙasar bakin Nilu da Faras take ciki, ba Duwatsun Nuba ba, sukan ba wa bishop-bishop da sarakunansu duhun fata irin tasu, amma manzanni da mala'iku da Maryamu sai su bar su da haske. Akwai zanen Bishop Petros na ƙarshen ƙarni na 10, wanda yake Warso yanzu, inda yake tsaye baƙi ƙirin, Manzo Bitrus kuma yana bayansa fari, ya dafa kafaɗunsa. Sai ku duba ku ga wa wannan ya goya wa baya.

Baba Haruna: Malam, Allah ya saka da alheri. Ni ya goya wa baya, domin mutanen Faras ba su mai da Bitrus ɗan Nuba ba.

Mama Rifkatu: Baba, ba su mai da shi ɗan Nuba ba, amma fuskar da suka ba shi ta masu zanen Rum da Masar ce da suka gada, ba su ma taɓa ganin Bagalile ba. Ni abin da na ɗauka daga bayanin Malam shi ne sun shigar da kansu cikin hoton, ba su tsaya a waje suna leƙe ba, kuma wannan ne yarinyar nan take nema da tambayarta. Akwai ma inda ba sai an ƙirƙira ba. Mutumin nan da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8 ma'ajin Kandake ne, Kandake kuwa sarautar matan Marawi ce, wadda dalolinta suke tsaye a Bajarawiya arewa da Shandi har yau, kuma kowane yaro a nan ya san kalmar tun da aka riƙa kiran mata masu zanga-zangar 2019 da ita. Sau nawa aka zana wa yaranmu mutumin nan a matsayin ɗan ƙasarsu? Iliya, da ni ce kai da wannan shafin zan fara.

Baba Haruna: Wannan na yarda da shi, domin Littafin ne ya faɗa. Amma akwai abin da ya fi jallabiya damuna, kuma Iliya bai kawo shi gabanku ba. A gida na huɗu ya rubuta a bakin Yesu cewa Zakka ya sauko, yau shayinsa zai sha. Yara za su yi dariya, na sani, kuma aikin mai zanen barkwanci ke nan. Amma ayar cewa ta yi ya yi maza ya sauko, domin lalle ne yau a gidansa zai sauka, kuma saukar ce ta sa jama'a gunaguni, wai ya sauka a gidan mai zunubi. Shayi a bakin titi ma ana sha a wuce, kowa yana sha da kowa; sauka a gidan mutum kuwa ɗaukar sunansa ne a kanka. Iyayenmu da suka karɓi cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 sun yi shekaru suna jiran kalmomin nan, don haka kada a sauya su saboda dariyar minti ɗaya.

Iliya: Baba, a kan shayi na ci gyara, ban ma lura cewa na kashe dalilin gunagunin da ke gida na biyar ba. Ga abin da na yi a daren jiya. Maganar Yesu na mayar da ita yadda take a ayar, barkwancin kuma na kai shi bakin wani mutum cikin taron, wanda yake nuna ƙafafun Zakka suna reto. Na cire wa Zakka rawani da jallabiya, na sa masa doguwar taguwa da mayafi, na goge darbejiya. Fatar Yesu da ta almajirai na bar ta wankan tarwaɗa mai duhu, kamar ta mutumin da yake yini a rana yana tafiya a ƙasa daga gari zuwa gari. A gefen gida na ƙarshe kuma na zana yara uku masu kitso da kayan makaranta irin na nan suna leƙe ta taga, kamar yadda Mama ta fahimci mutanen Faras. Misalan Luka 15 zan zana su a ƙauyen Sudan bisa shawarar Fasto.

Baba Haruna: Yaran taga ban gamsu da su ba tukuna, domin ba su cikin sura 19, amma ba zan hana bugawa saboda su ba idan Mama Rifkatu za ta gaya wa ajin cewa su ne aka zana, ba mutanen Yariko ba. Ka kawo mini shafin gida ranar Juma'a da yamma in gani da tabarau, domin a waya ba na tantance reshe da ganye. Ɓauren da ka turo ɗazu reshenta na farko ya yi sama da yawa, ko ni da nake da tsayi sai an kawo mini tsani.