Wace kalma za mu ba "mutation" da Hausa?

1/ Jama'a, salamu alaikum. Kalma nake nema. Kwanakin baya aka kai kawuna Indiya saboda wani gyambo a cikin kuncinsa da ya ƙi warkewa, aka ce sankarar baki ce. Da takardun gwaji suka iso ta WhatsApp, ni aka miƙa wa waya, wai ni ne ɗan bokon gidan. A tsakiyar shafi ga layi guda: an samu mutation a TP53.

2/ Na ce wa matarsa, "Inna, sun ce akwai matsala a ƙwayoyin gadonsa." Tana tsintar shinkafa ne a faifai. Ta tsaya cak, ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta ce, "To su yaran fa?" 'Yan mata uku ne a gidan, an riga an sa wa babbar rana. Duk bayanin da na yi, "gado" kaɗai ta ji. Kun san abin da "ciwon gado" ke yi wa maganar aure a garinmu. Bakina ne ya jawo, don takardar ba haka ta ce ba.

3/ Ga abin da ake nufi. DNA rubutu ne da baƙaƙe huɗu kacal, A, C, G da T, jere wajen biliyan 3. Duk sanda ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun nan kaf. Wani lokaci baƙi ɗaya ya sauya, ko ya faɗi, ko ya ƙaru. Mu da lanƙwasa ɗaya ke raba mana "baki" da "baƙi", ko "kasa" da "ƙasa", ba ma buƙatar dogon sharhi. Shi kuma TP53, wani sashe na rubutun nan, aikinsa gadi: in rubutun ƙwaya ya ɓaci sosai, shi ke tsayar da ita a gyara, ko ya sa ta mutu. In mai gadin kansa ya taɓu, ɓatattun ƙwayoyi sai su yi ta haihuwa. Shi aka fi samu a taɓe a sankarar baki da maƙogwaro.

4/ Amsoshi sun fara shigowa, na gode. "Sauyi" da "canji" na ajiye su gefe. Sun yi faɗi da yawa, har kuɗin da mai shago ke mayar maka canji ne.

5/ Mafi yawanku "rikiɗa" kuka ce, don ita muka riƙa ji a rediyo lokacin korona. Ga ƙwayar cuta ta yi, tunda sabon nau'i ake magana. Amma ku kai ta gefen gadon majinyaci ku gani. A kunnen Bahaushe, mai rikiɗa shi ne mutumin da ke zama kura da dare. Abu ne da ke komawa wani abin dabam gaba ɗaya, kuma da ƙanshin tsafi a jikinsa. Ka ce wa tsohuwa jikin ɗanta ya rikiɗa, gobe da asuba tana ƙofar boka. Alhali baƙi ɗaya ne cikin biliyoyi ya motsa.

6/ "Lalacewa" da "tawaya" ma ba su cika ba, don ba kowane irin wannan sauyi ke cutarwa ba. Da yawa ba sa yin komai. Wani ma kaifi biyu ne da shi: sikila baƙi ɗaya ce tak, A ta koma T. Mai SS yana shan wahala, mai AS kuwa yana samun kariya daga zazzabin cizon sauro mai tsanani.

7/ Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ba ni dariya. Ya ce a Faransancin ma'aikatan Nijar, mutation ita ce a ɗauke malamin makaranta daga Maraɗi a jefa shi Agadas. Ke nan aron kalmar yadda take ma ba zai fisshe mu ba. Larabawa "ɗafra" suke cewa, wato tsalle, sai dai ba wanda zai gane ta a layin ganin likita.

8/ Wadda na fi so da fari tawa ce: "tuntuɓen alƙalami". Na yi ta murna da ita har wani malami ya yi mini magana a gefe. Ya ce, "Ɗana, in ka ce alƙalami a maganar halitta, wane alƙalami mutane za su ji? Wa kake jingina wa tuntuɓen?" Allah gafarta Malam, na karɓa. Ta yi a matsayin misalin magatakarda mai kwafar littafi, amma ba za ta zama suna ba.

9/ Sai wata Hajiya mai koyar da Hausa ta kawo "jirkicewa". Tun jiya nake juya ta a baki. Tukunya takan jirkice a kan murhu: tana nan, ita ce dai, amma ba yadda aka girka ta ba, miyar tana iya zuba, tana iya tsira. Magana ma takan jirkice in ta bi bakuna da yawa, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa wajen kwafi. Kuma tana lanƙwasuwa: taba ta jirkita shi, ya jirkice, jirkitacce, jirkitattu. Hajiya, Allah ya ƙara basira, ni dai na bi ki.

10/ Saura abin da ya sa Inna ta ajiye faifai. Jirkicewa iri biyu ce, kuma Asiya ta fi ko'ina nuna bambancin. A Indiya, Bangaladash, Siri Lanka da Taiwan, miliyoyin mutane na tauna ƙwallon areka, a naɗe shi cikin ganye da ɗan farar ƙasa, sau da yawa har da taba, a cusa a kunci ya daɗe. (Don Allah masu fassara a daina ce masa goro. Ɗan wata bishiya ce dangin kwakwa da dabino, ba ruwansa da goronmu.) Tun 2003 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta tabbatar cewa ƙwallon kansa yana jawo sankara, ko ba taba. A 2013 masana a Indiya suka wallafa binciken DNA na sankarar dasashi da cikin kunci, daidai inda ake ajiye taunar, suka samu jirkicewa a sassan DNA masu suna TP53, FAT1, CASP8, HRAS da NOTCH1. Ta HRAS ma an daɗe da lura ta fi yawa a majinyatan Indiya kan na Turai. Ba a haifi mutanen nan da ita ba. A cikin ƙarin sankarar take, ba ta cikin maniyyi ko ƙwan mace, don haka ba ta bin 'ya'ya.

11/ Ɗaya irin kuwa ga ta a Sin, Japan da Koriya. Wajen mutum ɗaya cikin uku ana haihuwarsa da jirkitaccen sashen DNA mai suna ALDH2, wanda ke sa jiki ya kasa kawar da wata guba da barasa ke komawa. Alamarta fuska ta yi jawur da an kurɓa. Wanda ya ci gaba da sha a haka, haɗarin sankarar maƙoshi da maƙogwaro ya fi yawa a kansa. Wannan daga iyaye take.

12/ To ashe muna da kalmomin tun kaka da kakanni. A sana'a akwai ɗan gado, akwai ɗan haye: makaɗin da ya tashi ya tarar da kalangu a gidansu, da wanda ya ɗauka da girmansa. Shawarata ke nan: jirkicewar gado, da jirkicewar haye. Ta sikila da ta ALDH2 gado ce. Ta masu tauna areka haye ce.

13/ Wata likita ta ja kunnena cewa TP53 ma yana da ta gado, ko da yake ba kasafai ba, ana kiran ta Li-Fraumeni, kuma gwajin jini ke rarrabewa. Gaskiya ne, Likita, kada mai fassara ya yanke hukunci da kansa. Na kawu an duba, a ƙarin kaɗai take. Shekara da shekaru yana danna taba gari a wannan kuncin.

14/ Ɗazu na koma wurin Inna na gwada. Na ce, "Inna, jirkicewa ce ta haye, ba ta gado ba." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta ce, "Au, shigowa ta yi, ba a gidan aka haife ta ba?" Na ce haka ne. Ta ce in kira mata yayar angon a waya, akwai maganar lefe da ta dakatar tun ranar Talata.