Wace kalma za mu ba "non-refoulement" a Hausa?

Jama'a, akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya tun ina fassara labarin shirin Birtaniya na tura masu neman mafaka Ruwanda. A Nuwamba 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce shirin ya saɓa wa doka, domin akwai fargabar Ruwanda ta mayar da su inda suka gudo. A Afrilu 2024 majalisa ta yi dokar da ta ayyana Ruwanda ƙasa mai aminci, duk da kwamitinta na haƙƙin ɗan Adam ya yi nazari ya soki ƙudurin. Duk taƙaddamar a kan wannan kalma ce. Na rubuta "mayarwa" na soke, na rubuta "kora" na sake sokewa, har biro ya huda takardar.

Asalinta Faransanci ce, daga refouler, wato ingiza abu ya koma baya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san ta, don daga refouler ɗin aka samo refoulés, sunan da ake ba waɗanda Aljeriya ke zubewa a hamada su taka da ƙafa zuwa Assamaka, garin Nijar na bakin iyaka. A doka kuwa tana sashe na 33 na yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira: kada wata ƙasa ta mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari saboda launinsa, addininsa, ƙasarsa, jama'ar da ya fito ko ra'ayinsa na siyasa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara da cewa ko a bakin iyaka ba a juya shi.

"Mayarwa" ta yi sanyi da yawa. Wanda ya ɗaure kayansa da kansa ya ce a kai shi gida, shi ma an mayar da shi. Ku duba Tanzaniya. Bayan kisan ƙare dangi da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994, dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda sun cika sansanonin Ngara, masu jini a hannu a cakuɗe da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A Disamba 1996 sojojin Tanzaniya suka sa kusan rabin miliyan a gaba, a ƙafa, da tabarmi a ka da goyo a baya, zuwa gadar Rusumo da ke kan iyakar Ruwanda, ba tare da an tantance kowa ba. Raina ba ya yarda in kira wannan "mayarwa" kawai.

"Kora" kuma cewa ce fita mini daga gida, ka je duk inda ka ga dama. Laifin da dokar ke hanawa yana cikin wurin da aka nufa da mutum.

Wani malamina ya ce a ɗauki "miƙawa", ya tuna mini yadda Najashi ya ƙi miƙa Musulmin da suka yi hijira Habasha ga jakadun Ƙuraishawa. Malam, Allah ya ƙara sani, misalin ya shige ni. Sai dai miƙawa na buƙatar wanda ya zo karɓa, alhali sau da yawa a iyaka ake jefar da mutum, ba wanda ya roƙa.

Ni dai na tsaya a kan "tisa ƙeya". Akwai tilas a cikinta, akwai wanda ke bayanka, akwai inda aka dosa. Na san za a ce da ita ake kai mai laifi gidan yari, kada ta shafa wa ɗan gudun hijira baƙin fenti. Don haka a ambato na farko a cika ta: haramcin tisa ƙeyar ɗan gudun hijira zuwa inda za a cutar da shi. Daga nan sai a riƙa cewa "haramcin tisa ƙeya".

Masu fassara na Yamai, Maraɗi da Damagaram, ku da kuke jin Faransancin kullum, yaya kuke faɗinta a rediyo?