Jamus, Japan ko Amurka: wace mota ce za ta iya da hanyoyin Adar?

Ba'adare, daga Tahoua:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota ciki da bai, domin wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadarmu, kuma ni ne sanadinta. Ni ma'aikacin lafiya ne a nan Tahoua, na daɗe ina tari, yanzu ina da sefa miliyan 4 da rabi, kuma ina son in sayi motata ta farko. Abin da zan yi da ita shi ne zuwa aiki kullum, da kai iyali ƙauyenmu da ke bayan Keita sau ɗaya a wata a kan hanyar jar ƙasa mai duwatsu, sai kuma tafiya Yamai sau 2 ko 3 a shekara, wadda ta haura kilomita 500.

Yayana, wanda ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan, ya rantse cewa duk motar da ba ta da tauraron Marsandi a goshi akwala ce. Abokina kuwa ya ce in ba Toyota ba, gara in ci gaba da hawa babur ɗina. Akwai kuma wani ƙanenmu da ba ya zancen komai sai Ford da Jeep da injin mai silinda 8, alhali ko keke bai mallaka ba. Abin da na lura da shi shi ne babu ɗayansu da ya taɓa riƙe irin motar da yake kushewa. Shin akwai bambanci na gaskiya tsakanin motocin ƙasashen nan uku, ko kuwa abin ya zama irin goyon bayan Barcelona da Real Madrid ne kawai?

Bakanike, daga Bukoki a Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Shekarata 22 ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, kuma amsata ita ce bambancin yana nan, sai dai ba a inda ƴan fadarku suke nemansa ba. Kowace ƙasa tana ƙera mota ne da tunanin hanyoyinta da mutanenta. A Jamus akwai manyan hanyoyi da a wasu sassansu doka ba ta ƙayyade iyakar gudu ba, shi ya sa motarsu take riƙe kwalta kamar an manna ta, birkinta yake da ƙarfi, kuma injinta yake a matse ƙwarai. To amma wanda ya zana ta ya ɗauka mai ita zai zuba irin baƙin man da littafin ya ce, a ranar da ya ce, kuma zai sha mai mai tsabta. Ba ya tunanin ƙurar hunturu, ko zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ko man da ake saye a kwalba a bakin hanya.

Mutanen Japan, musamman Toyota, ba sa gaggawar sauya abin da ya riga ya yi aiki. Land Cruiser jerin 70 ta fito tun 1984 kuma har yau ana ƙera ta, injinta na gazuwal mai suna 1HZ, mai lita 4.2 da silinda 6, yana nan tun 1990, kuma yaron da ya yi shekara 2 a gareji zai iya kwance shi ya mayar. Wannan ne ya sa duk wanda ya nufi Abalak ko Agadas ba ya ganin komai a hanya sai ita da Hilux. Ko a yaƙin Cadi da Libiya na 1987 waɗannan motoci ne suka yi suna, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Su kuwa Amurkawa ƙasarsu faɗi gare ta kuma mai yana da araha, don haka motarsu babba ce, mai laushin zama, mai shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Ba saurin lalacewa ne aibinta ba, neman kayanta ne wahala.

Bari in ba ka misalin da na gani da idona. A bazarar da ta wuce aka jawo mini wata motar Jamus, ba zan faɗi sunanta ba, wadda ta yi zafi kusa da Dogondutsi. Da na buɗe, sai na tarar wani ɗan bututun roba mai tauri da ke kai ruwa injin ne ya tsage, tsawonsa bai fi yatsa ba. Na zaga kasuwar Katako da duk inda na sani ban samu ba, sai da muka aika Lome, motar ta yi kwana 19 a ƙarƙashin bishiyar dalbejiyar garejina, tsuntsaye suna yi mata ado. A cikin waɗannan kwanaki wata tasi mai jan kai ta zo da irin wannan ciwo bayan Azahar, kafin La'asar ta koma ɗaukar fasinja, domin kayanta suna rataye a shagon da ke kallonmu. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin ta Gaya a 2023 kaya suka koma biyowa ta Burkina, jiran ya ƙara tsawo. Kai da kake Tahoua, sai ka ƙara kwana biyu a kan duk lissafin da na yi.

Kuma ka kula da shekarar mota fiye da tambarinta. Motar gazuwal ta Turai daga wajen 2009 zuwa sama tana ɗauke da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ke toshewa idan man bai dace ba ko kuma tafiyar gajere ce kullum, kuma wannan bai bar Toyota da aka yi don kasuwar Turai ba.

Tsohon ɗan kasuwa, daga Ƙonni:

Ɗana Ba'adare, ka gaida yayanka, ka ce masa yana da ɗan'uwa a Ƙonni. Ni Mercedes 250D nake hawa, ƙirar 1991, mai silinda 5, kuma ba na jin zan rabu da ita sai dai magada su raba. Wanda bai taɓa rufe ƙofarta ya ji wannan ƙara mai nauyi ba, ko ya taso daga Yamai ya sauka a Ƙonni ba tare da ya dafa ƙugu ba, ba zai gane abin da muke so a cikinta ba. Bajamushe Carl Benz ne ya yi rajistar motar farko mai amfani da fetur a 1886, kuma irin Marsandin da aka fara ƙerawa a 1976 ta yi shekaru da yawa tana aikin tasi tsakanin garuruwan Maroko, saboda haka kada wani ya ce ƙarfen Jamus ba ya jure wahalar Afirka.

Ina da ja da maganar Malam bakanike a wuri ɗaya, tare da girmamawa. Yawancin motocin Jamus da ke mutuwa a ƙasar nan hannu ne ke kashe su. Ana cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan injin a jefar, a ce wai ta ƙasar sanyi ce, a ɗura ruwan rijiya, a zuba baƙin man da aka auna da gwangwani, sannan idan ta tsaya a ce Marsandi ba ta da amana. Toyota tana haƙuri da irin wannan wulaƙanci, wannan gaskiya ne, amma haƙurin jaki bai mai da shi doki ba.

Game da tambayarka ta son kai, na yarda akwai shi, kuma nawa gado ne. Muna yara, Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ita ce motar mai rufin asiri, Marsandi kuwa ta wanda Allah ya ɗaga, don haka ranar da na sayi tawa ina jin mahaifina nake nuna wa, ko da yake ya riga ya rasu. Amma babu ɓangaren da ba shi da abin kunya. A 2015 aka kama Volkswagen da maguɗin gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. A 2009 da 2010 Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur. A 2009 ɗin nan kuma General Motors da Chrysler suka durƙushe sai da gwamnatin Amurka ta tallafe su. Abu guda da zan sallama wa abokinka, ba da son raina ba, shi ne ranar sayarwa: Corolla kuɗi ce a ajiye, da safe ka sa ta kasuwa, da yamma ka ƙirga, ni kuwa tawa sai na sami mai irin ciwona.

Mai shigo da motoci, daga Talaje a Yamai:

Alhaji ya yi magana ta manya, amma ni ina so in ɗan ɓata wa kowa rai. Malam Ba'adare, ka je ka duba lambar shasi, wadda take da haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba ko a takardun motar. Harafin farko yana faɗin ƙasar da aka haɗa ta: J Japan ce, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, Toyota mai farawa da SB1 kuwa a Ingila aka yi ta. Za ka sha mamaki. Motar da aka yi don kasuwar Japan kanta sitiyarinta a dama yake, shi ya sa mafi yawan abin da muke kira motar Japan daga Turai ko Amurka ko Dubai yake zuwa mana. Camry tun 1988 ake haɗa ta a jihar Kentucky, Mercedes ML a Alabama aka fara yin ta a 1997, BMW X5 kuma a Carolina ta Kudu.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Pontiac Vibe. Sunan na General Motors ne, amma injin da giyar na Toyota ne, tagwayen Toyota Matrix ce, kuma a California aka haɗa ta a masana'antar da kamfanonin biyu suka yi tarayya. Na sha ganin mutum ya kewaya ta yana yatsina wai ba ya son motar Amurka, sannan ya ƙara kuɗi ya ɗauki Matrix da ke gefenta. A kuɗin da ka ambata da hanyar ƙauyenku, ita da Corolla da RAV4 tsohuwa ne zan sa ka duba.

Idan motar daga Amurka ta zo, ka tuna agogonta mil yake ƙirgawa, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne. Da yawansu an saye su ne a gwanjo bayan hatsari ko ambaliya, saboda haka ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka haska ƙarfen da kujera ke gudu a kansa ka ga ko ya yi tsatsa, kuma ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba.

Ba'adare, daga Tahoua:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan Isha'i na tafi fada da fitilar waya, muka bar shayi a kan gawayi muka fita duba lambobi. Avensis ɗin abokina, wadda ya shekara 6 yana yi mana wa'azin Japan da ita, da SB1 ta fara, kuma har muka watse yana cewa lallai an yi kuskure a wurin buga lambar. Ta yayana da W ta fara, don haka yau ba a iya zama kusa da shi. Na karanta masa gaisuwar Alhaji, ya ce in tambaya ko har yanzu injin na asali ne.

Na tsai da shawarar in zo Yamai ƙarshen wata in duba Vibe da Corolla. Saura tambaya ɗaya ga Malam bakanike: yawancin waɗanda na gani a hoto giyarsu mai sauya kanta ce, to idan ta sami matsala a hanyar Keita, akwai mai iya buɗe ta a Tahoua ko Ƙonni, ko kuwa gara in haƙura in nemi mai giyar hannu ko da za ta fi tsufa da shekara 2?