Na samo fok ɗin baya na wani mashin daban, in canza boris ko in ɗaura haka nan?

Ɗan_Kurna125:
Slm yan uwa, dan Allah masu sanin harkar mashin ku taimaka min. Mashin ɗina ƙirar CG 125 ne ɗan Chana, sati biyu da suka wuce wata mota ta bugo ni ta baya ina tsaye, Allah ya tsare ban ji ciwo ba amma fok ɗin baya, wannan ƙarfen da ke riƙe tayar baya da wasu ke ce wa suwin am, ya lanƙwashe. Mai walda ya gasa shi ya miƙe amma har yanzu tayar a karkace take. Jiya na shiga Ƙofar Ruwa na samo wani na Baljiyam, na wani mashin ne daban, ya fi nawa kauri, mun gwada faɗinsa ya shiga firam ɗina. Matsalar ita ce nawa na da bush ne na roba, shi kuma wannan boris ne mai ƙananan allurai da wani bututun ƙarfe a tsakiya. Yaron shagon yace in cusa giris kawai in ɗaura, amma da na sa yatsa na juya ina jin ƙaras-ƙaras, giris ɗin ciki ma ya yi ja kamar ƙasa. Sannan doguwar kusar da ke ratsawa tana ɗan wasa a cikin bututun. Ya zan yi?

Oga_Sifana:
Wslm ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Wannan jan da ka gani tsatsa ce, ruwa ya daɗe da shiga. Canza shi. Boris mai allura na fok ba irin na taya bane da yake zagayawa gaba ɗaya, shi ɗan motsi kaɗan yake sama da ƙasa a wuri guda, shi yasa in ya bushe alluran sai su ci bututun su bar masa layi-layi. Zaro bututun ka goge da fetur ka bi da farce, in farcenka na maƙalewa to shi ma ya mutu, sabon boris a kan cinyayyen bututu asarar kuɗi ce. Kuma yanzu da fok ɗin ke ƙasa aikin na rabin awa ne, in ka ɗaura kuwa sai ka sake sauke taya da cen da shokazoba da birki kafin ka kai gare shi.

Kafin ka bugo tsohon duba bakinsa, akwai lamba. Ɗauki hotonta tukuna domin wajen cirewa lalacewa yake, kwanonsa siriri ne. Kuma kar ka je shago kace a baka boris ɗin CG, yanzu boris ɗinka fok ɗin yake bi ba mashin ba.

Maganar kusa mai wasa ita ta fi damuna ma. Nemo baniya, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ka auna kaurin kusar, da ramin bututun, da bayansa, ka dawo ka faɗa min.

Baban_Hajiya:
Kai duk wannan dogon turanci ne oga, ni nawa gwangwanin maltina na yanka na naɗa a kusar, na wanke boris da kananzir na sa giris, gashi shekara guda ina ɗaukar buhu biyu a kai ba abinda ya faru.

Oga_Sifana:
Malam ɗora mashin ɗinka a kan dogon jak ka kama tayar baya ka girgiza hagu da dama sai ka zo mu yi magana. Gwangwani laushi gare shi, sati kaɗan ya niƙe. Irinku ne kuke zuwa kuna cewa mashin na rawa a kwana, cen na faɗuwa, a canza muku taya a canza furoket mai haƙoran da cen ke bi, alhali ciwon na can gindin fok.

Ɗan_Kurna125:
Oga na auna. Kusar mili 12 ce, ramin bututun 14, bayansa 20. Lambar boris ɗin HK2016 kuma guda biyu ne, kowane gefe ɗaya. Bututun lafiya lau, farce baya kamawa. Wani yace in buɗa ramin firam ɗin da diril in sa kusa mai 14, ya kuke gani?

Oga_Sifana:
A'a kar ka taɓa firam, in ramin ɗaya ya kauce ko kaɗan ne tayarka ta karkace kenan har abada, kuma firam ba ya komawa. Je wajen masu injin lez mai feƙe ƙarfe su yi maka siririn bututu na ƙarfe, waje 14 ciki 12, a matse shi cikin na asalin. Kada ka yarda su ce za su ƙera maka sabon bututu gaba ɗaya da ƙarfen da suka tsinta, na asalin gasasshe ne mai tauri saboda a kansa alluran ke birgima, ɗanyen ƙarfe kuwa nan da nan za su cinye shi.

HK2016 ma'anarta ciki 20, tsawo 16, bayansa kuma 26 ne, duk mai sayar da boris na injina zai gane. Ka haɗa da sil biyu na hana ƙura.

Wajen sawa dan Allah banda guduma. Samu doguwar kusa mai zare har ƙarshe da noti da manyan washa, ka sa soket daidai bakin boris ɗin, kana ɗaure noti yana shiga a hankali. Gefen da ke da rubutu shi ke kallon waje, ta nan ake turawa. In kana da firiza jefa boris ɗin ciki ya yi sanyi, fok ɗin kuma ka bar shi a rana, wlh zafin Kano kaɗai ya isa ya ɗan buɗa ramin. Ka lura da zurfin da tsohon ya zauna domin ka bar wa sil wuri. Giris kuwa kar ka yi rowa.

Mai_Kaya_Zinder:
In ƙara kaɗan kan na oga. Ni ma na taɓa yin irin wannan canjin, abinda ya wahalar da ni ba boris bane, layin cen ne. Bayan ka ɗaura, tsaya ta baya ka kalli furoket na baya da na gaba ko suna layi ɗaya, in ba haka ba sai an gyara sifesa, wato ƙarafan da ke daidaita zaman taya. In sabon fok ɗin ya fi tsawo cen ɗinka mai lamba 428 ba zai kai ba sai ka sayi dogo, sandar birki ma haka. Kuma kafin ka sa shokazoba, ɗaure notin kusar da ke ratsa fok ɗin sosai ka ɗaga fok ɗin ka saki, ya kamata ya sauka da kansa. In ya tsaya cak to firam ya matse fok ɗin ne maimakon bututun, wato bututun ya gaza tsawo.

Ɗan_Kurna125:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samo boris ɗin biyu yanzu suna firizar makwabciyarmu mai ƙanƙara, sil ne ban samu ba tukuna, mai lez kuma yace in dawo gobe bayan azahar in an kawo wuta.